Mai Niƙa Tsakanin Layin Zaɓe da Sarƙar Addu'a

Mai Niƙa kowa ke ce mata, har mijinta in ya so tsokana. Shagonta na bakin kwalbati: inji ɗaya, benci ɗaya, sai garin da ya zauna mata a gira, ko ran Lahadi ba ya fita duka. Duk damina kwalbatin nan sai ya toshe, ruwa ya shigo har gindin injin. Kansila ya zo, ya ɗau hoto, ya tafi. Shi ya sa bana ta yanki katin zaɓe, karo na farko a rayuwarta.

"Ba ke kika ce komai na hannun Allah ba?" in ji mijin, tsohon direba, wanda bai taɓa dangwala wa kowa ba.

"Yana hannunsa mana."

"To katin na mene ne?"

"Maigida, sha shayinka."

Amsar ke nan, don ba ta da wata. Fasto ma bai taimaka ba. A wa'azi guda ya ce kada su dogara ga ɗan adam, ya kuma ce wanda ya zauna gida ran zaɓe kada ya kawo masa kuka. Ta ce amin ga duka biyun. Sai a hanyar gida abin ya fara yi mata yawo a kai.

Ana haka zumuntar mata ta shirya sarƙar addu'a ran zaɓen. Dokar ɗaya ce: mace ta durƙusa a ƙaramin ɗakin bayan coci, ba ta tashi sai ta gaba ta zo ta taɓa mata kafaɗa. Mai Niƙa aka ba bayan la'asar, ita za ta karɓi Kaka, tsohuwar da ciwon gwiwa ke damunta. Ta ce ba komai, ai da safe za ta dangwala ta dawo.

Ina. Na'urar tantancewa ta ƙi aiki, aka gyara, ta sake ƙi. Rana ta dafa mutane. Sai da la'asar ta yi sannan layin ya fara tafiya da kyau, Mai Niƙa har tana hango akwatin ƙuri'a. Nan jami'in zaɓe ya ɗaga murya ya ce wanda ya bar layi yanzu ya bari ke nan.

Ta tsaya kamar an dasa ta. In ta tafi, ƙuri'a ta tafi, ruwa kuma zai dawo gindin inji. In ta tsaya, ta bar tsohuwa a durƙushe, ta kuma nuna wa Allah cewa akwatin roba ta fi yarda da shi. Ko ba haka ba ne? Ita kanta ba ta sani ba. Ta fita daga layi, ta shiga, ta sake fita, har na bayanta ya ce, "Mama, rawa kike yi ko zaɓe?"

Gwiwar Kaka ce ta yi rinjaye. Ta ɗaure zani ta bi gefen layin da sauri. Tana kaiwa can wutsiya sai ga Kaka zaune a kan kujerar roba, kati a hannu, tana fifita da gyale.

"Kaka, ke ce nan?"

"A'a, ƙanwata ce."

"To wa ke ɗakin?"

"Mai ɗakin mana, Allah."

"Kin tsinka sarƙa fa."

"Wa ya ce? Tun ɗazu bakina bai tsaya da addu'a ba, sai da kika zo kika sa ni surutu. Taɓa ni, 'yar nan, na gaji."

Mai Niƙa ta taɓa kafaɗar. Kaka ta ce amin, ta jawo ta ta tsayar a gabanta. Haka Mai Niƙa ta bi layin tana addu'a ido a rufe, tsohuwa na tura ta da sanda. Ta roƙa wa ƙasa, ta roƙa wa kwalbati, har ta ji kanta tana roƙa wa kansilan da ta zo kayarwa, ta rasa ko wannan ya halatta. A gaban takardar ƙuri'a dole ta buɗe ido. Ta dangwala tana motsa leɓe, tana tambayar kanta ko buɗe idon nan ya tsinka sarƙar, ko bai tsinka ba.

Ta koma gida da tawada a yatsa, bakin bai daina motsi ba. Wadda za ta karɓe ta can ɗakin coci ta nufa, don haka babu wanda ya taɓa ta. Ita kuwa ba ta ga ta inda za ta ce amin ba.

Mijin ya yi magana, shiru. Ya sake, shiru. Ya taso ya dafa mata kafaɗa.

"Wai lafiya?"

"Amin," ta ce, ta zube a kujera. "Ka karɓa, Maigida. Kada ka tashi sai an taɓa ka."

"Na karɓi me?"

"Fara da kwalbati. Sauran ni ma ban gane ba."