Yadda Na Raba Maganina Kamar Goro

Salamu alaikum jama'a. Kun saba ganin shirmena a nan, yau kuwa magana ce da na danne sama da shekara arba'in. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na yi sallama da boko.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo, kowa na sayen rediyo da babur, ni tari na samu. Ina aikin ɗaurin auduga a nan Gombe, sai na ce ƙurarta ce.

Zufa, rama, wando na zamewa. Ranar da na ga jini a hankici na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na bar matata Dudu a unguwar Shamaki da jariri, na gudu ƙauyen mahaifiyata don kada a gan ni haka.

Can na tarar da ɗaliban likita daga ƙasar waje, sun zo aikin sa kai a hutunsu, sun kafa tebur a gindin tsamiya. Akwai wata da muke kira Doguwa. Malam Yohanna, ma'aikacin jinya Batangale, shi ke mata tafinta.

Suka karɓi majinata a ɗan kofi, suka duba. Malam Yohanna ya ce, "Tarin fuka ne. Ana warkewa, amma magani sai ya wuce shekara."

Suka ba ni takarda zuwa asibiti a Gombe. Hoton ƙirji, awon nauyi, allura kullum da safe har na koma zaman gefe guda. Magani kyauta ne, amma aiki ya tsaya, kekena ya tafi a cefane. Daga nan sai ƙwayoyi, na wata guda a kwalba.

Wata uku na ji garau. A nan na tafka wautata.

A gidanmu ba a cin abu mai kyau baƙo na kallo. Kawu Buba, ƙanin mahaifiyata, ya zo dubiya yana tari. Ya ce, "Ɗana, wannan maganin ne ya tashe ka?" Na zuba masa ƙwaya goma. Surukina biyar. Maƙwabci uku. Har Dokta aka fara kirana, ni kuwa ina amsawa.

Maganin wata ya riƙa ƙarewa a kwana goma. Sauran kwana ashirin ina shan godiyar mutane.

Tari ya dawo, da jininsa.

Da hutu ya zagayo ɗaliban suka dawo da littafin sunaye. Ba su same ni a ƙauye ba, suka bi tambaya har Shamaki. Doguwa ta ga kwalba wayam, na faɗi gaskiya. Ta zauna a kan turmi, ta yi wa Malam Yohanna magana da yarensu.

Malam Yohanna ya ce, "Ta ce kai mutumin kirki ne, kuma kirkin nan zai kashe ka."

Aka sake komai daga farko, har allurar. Aka damƙa kwalbar a hannun Dudu. Kullum sai ta ce, "Malam, buɗe baki in gani." Shekara ɗaya da rabi ina buɗewa. Na warke.

Kawu Buba bai warke ba. Goma-goman da nake ba shi sun sa yana jin dama-dama, bai je asibiti ba sai da lokaci ya ƙure. Kwana ya ƙare, na sani. Amma da hannuna a ciki, shi ya sa na yi shiru.

Abin da ya buɗe bakina: autata Fa'iza, mai karatun likita, ta ce za su je aikin sa kai ƙauyukan Chadi. Na ce, "Marasa lafiya sun ƙare a Gombe ne?"

Dudu ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Ita Doguwa ba ta da uba ne?"

Jiya na raka Fa'iza tasha a unguwar Bolari.

Na gode wa Allah. Na gode wa Dudu, da Malam Yohanna, da Doguwa wadda ko sunanta ban tambaya ba.

Tarin da ya wuce mako biyu, a je a gwada. In an ba ka magani, shanye shi ko ka ji sauƙi. In baƙo ya zo yana tari, ba shi tuwo, ba shi shimfiɗa, ka raka shi asibiti da ƙafarka. Kwalbar kuwa taka ce kai kaɗai.