Shuɗin Kwanukan Kawu

Launin ne ya fara kama idona. Na dawo daga makaranta da rana tsaka, na ratsa ta bayan ɗakin girki a gidanmu na Makera, sai ga kwanuka goma sha biyu a jere kan benci, shuɗaye masu ratsin kore. Ban taɓa ganin abin da aka yi da ƙasa ya yi irin wannan launi ba. Na tsaya da jakata a baya. Can sai na ji suna ƙara a hankali, ƙin, ƙin, kamar ana ƙyasta kofin gilashi da farce. Wannan ya yi, wancan ya amsa. Shekarata goma sha uku a lokacin, na kuma riga na cinye littattafan soyayyar da ake ba da haya a bakin kasuwa, saboda haka nan take na yanke hukunci cewa kwanukan waƙa suke yi.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, yana tsugune a gabansu ya dafe kai.

"Kawu, ka ji suna waƙa?"

"Waƙa? Ke 'yar nan, tsagewa suke yi."

Kawu ya yi shekaru a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe ta, sai ya dawo wa sana'ar Kaka, wadda tun tana budurwa a ƙauye take ginin tukwane. Amma shi ba tukunyar ruwa yake so ba. Ya gina tanderu da bulo a bayan gida, yana haɗa wani ruwan shafe da yake kira giles, wanda in ya sha wuta sai ya narke ya zama gilashi a jikin kwano. Garin kwalba ne, da toka, da kanwa mai yawa, da ƙonanniyar wayar jan ƙarfe. Kanwar ce ke sa shi narkewa da wuri, ita ce kuma ke fito da shuɗin.

Wata Madam 'yar Binuwai, mai sayar da farfesu a bakin titin Gonin Gora, ita ta ba shi aikin. Za ta buɗe shago mai kujeru kafin Kirsimeti, tana son kwanukan da ba kowa ke da irinsu ba. Mahaifiyata kuwa ta gaji da hayaƙi, ta riga ta kafa wa Kawu sharaɗi: in wannan aiki bai tsaya da ƙafarsa ba, ya tattara ya bi yayansu gona a Kakau. Ni dai a raina ba maganar kwano ba ce. Na ga yadda yake guge riga duk ranar da zai je Gonin Gora.

A wannan yinin, Kawu ya fita neman kwali. Kaka ta fito, ta ga kwanuka da sauran zafin wuta ba wanda ya yi musu komai. A wurinta wannan sakaci ne, don ba ta taɓa fitar da tukunya daga wuta ba ta yayyafa mata ruwan makuba ba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Ta ɗauko tsintsiya, ta tsoma a kaskon makubarta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo, jan ruwan ya shige cikin tsagar da ido bai gani ba a da, sai ga zane ya fito a jikin kowane kwano, sirara-sirara kamar saƙar gizo-gizo. Wallahi na ɗauka ado ta yi musu.

Da Kawu ya dawo sai kwalin ya suɓuce daga hannunsa.

"Mama, kin kashe ni!"

"Ni ban fasa maka kwano ba," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Abin da ke ciki na nuna maka."

Haka ya kai su. Madam ta yi ta juya su tana yabo. Bayan kwana goma ta zo gidanmu da kanta, ta ajiye kwalin a tsakar gida.

"Oga, kwanonka ya fi na kowa kyau, amma ba ya mantuwa. Manja ya shiga tsagar nan, na wanke, na wanke, farfesun jiya yana nan. Kwastoma ya ce min kifi yake ji a cikin naman akuya."

Ta ba shi zuwa tsakiyar Disamba. Da ta tafi na leƙa kwalin na ƙirga, sha ɗaya ne. Na riƙe wannan a zuciyata kamar wasiƙar da aka ba ni ajiya.

Makonnin da suka biyo baya sun rikita ni. Na tambaye shi me ya sa abu mai kyau haka ya zama aibi. Ya ce in ɗauka gilashin riga ce, yumɓun kuma jiki. In wuta ta mutu, kowa yana tsukewa, amma rigar da kanwa ta yi wa yawa ta fi jikin tsukewa, sai ta yi masa kaɗan, ta ɓarke. Na ce to a ɗinka babba mana. Ya dube ni kamar zai yi dariya, bai yi ba.

Kaka ce ta tura shi bakin kogi ya tsinto fararen tsakuwoyi. Ya ƙona su, ta daka masa a tsohon turminta har suka zama gari. Ya rage kanwa, ya ƙara garin tsakuwa da ɗan farin yumɓu, ya rage kaurin shafen. Ta kuma hana shi buɗe tanderu sai kwana na uku.

"Ko mai jego ba a fito da ita iska ranar da ta sauka," ta ce.

Abin da ya fi ɗaure min kai, makubar da ya yi faɗa a kanta ita ta zama alƙalinsa. Duk gwajin da ya fito, shi da kansa yake miƙa wa Kaka ta yayyafa. Zanen yana raguwa, suna murna. Ni kuwa ina ganin shuɗin yana ja da baya, kamar mai fita daga ɗaki a hankali don kada a lura. Kwanukan ƙarshe sun fito shiru, ba ƙara, ba zane. Launinsu kore, kamar miyar kuka.

Na roƙa aka bar ni na raka shi, kwalin a cinyata cikin bas. Na tabbata a ranar za a yi abin da ake yi a shafin ƙarshe na littattafaina. Madam ta ɗaga kwano ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta duba shi a rana.

"Ina shuɗin?"

"Shuɗin ne ke zuwa da tsagar, Madam."

"To ka yi min shuɗi marar tsaga."

"Wutata ba ta kai ba."

Ta karɓa, ta yi godiya, ta zuba mana farfesu a cikinsu. Ba ta ce a ƙaro wasu ba. A hanyar dawowa na kasa haƙuri.

"Kawu, yanzu ka ci ne ko ka faɗi?"

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan."

Bayan sabuwar shekara ya tafi Kakau. Tanderun ya zama akurkin kajin mahaifiyata.

Yau kwano irin wanda kake so yana nan a kowane kanti, shuɗi har ya gundure ka, ba ka san hannun da ya yi shi ba. Bara na tsaya a Gonin Gora. Shagon ya zama babba, 'yar Madam ce ke riƙe da shi, uwar ta koma gida Binuwai. A kan kanta na ga kwano na goma sha biyu, cike da tsinken sakace, zanensa ya yi baƙi, shuɗin nan kuwa kamar jiya aka fitar da shi.

Na wuce Kakau da labarin a bakina. Na tarar da Kawu a inuwa yana ɓarzar masara, kansa ya yi fari fat. Ya saurare ni har na gama. Na jira ya tambaye ni Madam.

"Korayen fa?" ya ce.

"Ban ga ko ɗaya ba, Kawu."

Ya miƙa hannu gefen tabarma ya ɗauko kwanon da yake shan kunu a ciki, mai launin miyar kuka. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya miƙo min.

"Duba da kyau. Ko tsaga ɗaya babu. Kuma duk shekarun nan, ba baƙon da ya taɓa tambayata wa ya yi shi."