Bargo Ɗaya Muka Lulluɓa da Inna

A shekarar da korona ta ɓulla, ni direba ne mai ɗaukar masara daga kasuwar Bakori zuwa Kano, kuma a gidanmu ba a taɓa kayar da ni a gardama ba. Da ƙanwata muka fi kwasa. Ita ba ta rabuwa da rediyo, kullum tana cewa mura tsohuwar baƙuwa ce da jiki ya saba da ita, wannan kuwa sabuwa ce, kuma tsofaffi ta fi kamawa da ƙarfi. Ni kuma in ce tari tari ne, zazzaɓi zazzaɓi ne, murar masu hawa jirgi ce aka sa wa suna don a tsorata talaka. In na faɗi haka a majalisa har tafa mini ake yi, kaina ya ƙara kumbura.

Wata rana na dawo daga Kano da zazzaɓi da tari, ko ƙanshin miya ba na ji. Ƙanwata ta roƙe ni in kwana a zaure, na ce ta mayar da ni kare. Innarmu ta tafasa mini ganyen darbejiya da na mangwaro don in yi sirace, yadda take mana tun muna yara. Na ji ita ma tana ɗan atishawa, sai na ce ta shigo bargon mu yi tare, ai maganin mura ɗaya ne. Ba tausayi kaɗai ya sa ni ba, so nake ƙanwata ta gani. Muka lulluɓa, ina tari a fuskar Inna, ita tana shafa mini baya tana yi mini sannu.

Ni na warke. Inna ta kwanta. Numfashinta ya koma kamar na wanda ya hawo tudu da buhu a ka. Muka yi ta fifita, muka yi tofi, muka kai ta asibiti a Funtua, aka ce na'urar numfashi tana kan wani, mu jira. Ina tsaye da makullin mota a hannu, ban san inda zan kai ta ba. A jiran ta cika.

Ba a yi mata gwaji ba, don haka har yau ban san abin da ya ɗauke ta ba. Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma ƙanwata ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Da na sani ƙeya ce. Jama'a, in ana gardama kan cutar da ba ku sani ba, ku yarda a kayar da ku, ku kwana a zaure. Bargon yana nan a ɗakina, ko sanyi ya kai ina ban ƙara iya lulluɓa da shi ba.