Bu Wartinah da Wutsiyar Jirgin Yaƙi

Shekara talatin Bu Wartinah ta yi tana ɗinka rumfar keken haya a unguwarmu da ke birnin Yogya. Duk mai keken da ruwa ya fara ɗigar wa fasinjansa wurinta yake zuwa, ya sha faɗa tukuna, sannan a yi masa aiki. Ni mai fenti ne a gidan tarihin jiragen sama, kuma ni na ja ta can.

Akwai wani ƙaramin jirgin yaƙi da sojojin Japan suka tafi suka bari, muna ta fama mu mayar da shi yadda aka ƙera shi. Pak Sudiro, tsohon makanikin da ke jagorantar aikin, ya gama da inji da ƙafafu, sai wutsiya ta gagara. Ashe ɓangaren da ke juya jirgin da yadi aka rufe shi, aka ɗinke da hannu a jikin ƙarafa. Mu shida muka gwada, abin ya fito kamar buhun rogo.

Ranar da ta zo, ta zagaya jirgin sau biyu, ta tsaya a bayansa. "Wai da wannan zanen aka je yaƙi?" in ji ta. "Ai ni ko kasuwa ba zan yarda ya kai ni ba."

Mako uku ta yi a kan kujerarta 'yar tsugunno, da kofin shayi a gefe, tana ɗinki da wata doguwar allura. Aiki ya fito sumul. Sai ga Pak Sudiro da wani tsohon ƙyalle da aka ciro daga jirgin, ya kara shi da nata, ya ce ƙullin ba iri ɗaya ba ne, kuma nata ya yi kusa-kusa da yawa. Ta ce ai nata ya fi ƙarfi. Ya ce ya sani, amma ba wanda ya fi ake nema ba, wanda aka yi a da ake nema. A warware.

"Kai dai tsohon nan ba ka da tsoron Allah," ta ce. "Ni za ka sa in lalata aikina don in yi kama da wata da ta yi ɗinki cikin sauri?"

Ta naɗe tsummanta ta tafi. Kwana huɗu ba mu gan ta ba, ƙyallen ma muka neme shi muka rasa. Da na biya gidanta, na tarar ta ɗinke buhun shinkafa biyu da labulen kicin da irin ƙullin da ke jikin ƙyallen, mijinta na ƙorafin saura rigarsa. Ta ce min wadda ta yi ɗinkin farko ba raguwa ba ce, ƙullin nata ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba sa warwarewa. Washegari ta dawo, ta warware aikinta da hannunta. Pak Sudiro ya ajiye mata ƙunshin shinkafa da tempe, wato soyayyen curin waken suya. Ta cinye tas.

Da ta gama na shafa maganin da ke ɗame yadi, ya yi tauri har yana amo kamar ganga, na bi shi da fenti.

Ranar buɗewa jama'a suka yi dafifi a gaban jirgin, kowa na ɗaukar hoto da farfela. Ba wanda ya leƙa baya. Abin ya ci mata rai, don haka duk Lahadi take kafa kujerarta a gindin wutsiya tana kiran mutane su zo su gani, in yaro ya miƙa hannu ta buge shi da maficinta.

Yanzu shekararta sittin da bakwai, tana kan wutsiya ta biyar. Masu keke na cewa ta yi girman kai, sai mutum ya jira mako biyu. Ta fara koya wa 'yar ƙanwarta ɗinkin, don idonta ya soma gajiya da zura zare.