Falen da Ke Motsi

Baba Mai Daɓe ya tsufa yana shimfiɗa fale-falen siminti a ƙofar gidajen mutane, amma nasa tsakar gidan ciyawa ce. Matarsa ta yi mita har ta gaji, shi kuwa kullum sai ya ce, "Sai na samu sarari."

Ai kuwa ciyawar nan ce ta jiƙe wata safiya, santsi ya kwashe matar, ƙugunta ya karye. Ƙashi ya haɗe, amma tsoro ya ƙi sakinta. Ko bakin ƙofa ba ta leƙawa. Likita ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: in ba ta fara takawa ba, ƙafar za ta sandare, ita da tafiya kuma sai a lahira.

Baba ya tuge ciyawar kakaf, ya baje yashi, ya jera fale-falen daga ƙofar ɗaki zuwa gindin lemo, inda take son zama. Al'adarsa ce ya cire takalmi ya taka kusurwar kowane fale, don tafin ƙafarsa ya fi idonsa gani.

Ranar da ta yarda za ta fito, yana bin su a karo na ƙarshe sai na tsakiya ya ce ƙwas! Falen ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kafin ya rarumo gudumar roba, ga ta a bakin ƙofa da sandarta. Ya san halinta sarai. In ya ce ta dakata, ta koma ke nan.

Sai ya haye falen ya tsaya ƙyam, ya danne shi da nauyinsa.

"Taho, uwar yara. A hankali."

Ta tako, sanda na gaba, ƙafa na ja. Gumi ya jiƙa masa riga. Da ta iso gabansa ta tsaya tana haki.

"Malam, matsa mana."

"Ki dai kewaye ni."

Ta ɗago ta harare shi. "Tun daga ɗaki na ji ƙararsa. Ni za ka yi wa wayo, da nake jin gudumarka tun ina amarya?"

Kunya ta rufe shi. Ita kuwa ta jingine sandar a jikinsa, ta damƙi damtsensa da hannu biyu.

"To, riƙe ni da kyau," ta ce, ta ɗora ƙafa a kan falen.