Baba Bahago da Rariyar da Na Toshe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 28 ga Agusta, 1977, cikin goman tsakiya na watan azumi, Allah ya karɓi ran Malam Abdullahi magini na unguwarmu Kusfa, wanda duk Birnin Zazzau ta fi sani da Bahago. Katanga ce ta faɗa masa da hantsi, da azumi a bakinsa. An yi masa sutura bayan la'asar.

Baba Bahago, ni ne Ɗanjuma, maƙwabcinka ma'aikacin ofis, wanda kake ce wa "malamin takarda" idan tsiyarka ta motsa. Ba ni ne na fi cancantar rubuta wannan ba, amma ni ya zame wa dole.

Shekara arba'in kana gini a birnin nan, kuma ban san wanda ya san hanyar ruwa kamar ka ba. Idan ana ruwa kowa ya nemi mafaka, kai sai ka yafa buhu ka bi lungu kana kallon inda ruwan ya nufa. Kafin damina ta sauka kakan zaga gidajen tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu, ka gyara indararo, ka yashe rariya, ko goro ba ka karɓa. Wani attajiri ya taɓa kiran ka ka ɗaga masa dokin ƙofa don kada ruwa ya shigo. Ka duba tsakar gidan, ka ce, "Alhaji, ruwan naka ba daga waje yake shigowa ba, fita ya rasa. In na ɗaga, randa na gina maka." Ka ƙi aikin, ya yi fushi, bayan sati biyu ya dawo da kansa.

Haka ka sha fama da mu. Mai cike kududdufi don ya ƙara ɗaki, ka ce masa ruwan unguwa zai zo neman wurinsa. Mai zuba ƙasa ya ɗaga tsakar gidansa, ka ce ruwan dai bai ɓace ba, maƙwabci aka tura wa. Muna jin ka, muna cewa tsufa ne.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, siminti ya shigo birni kamar ba zai ƙare ba. Ni ma na saya. Na shafe tsakar gidana, na yaɓe katangar ƙasa da shi ciki da waje. Akwai wata tsohuwar rariya a gindin katangar da ta raba ni da gidan Asabe, matar marigayi ɗan'uwan mahaifina. Tun zamanin kakanni ruwan gidanta ta nan yake bi, ya ratsa nawa, ya faɗa kududdufi, domin gidanta ya fi nawa tudu. Haka birnin nan yake, ruwan na sama yana da hanya a gidan na ƙasa. Ni kuwa na ga kwatamin yana ɓata mini sabon daɓe, sai na sa aka toshe.

Ka zo har zaurena. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Malam Ɗanjuma, ginin ƙasa numfashi yake yi. Ka rufe masa fuska da siminti, ka kuma tare ruwa a gindinsa. Zai sha, ba zai bushe ba, kai kuma ba za ka gani ba."

Na ce, "Baba, zamani ya canja."

Damina biyu ta wuce tsakar gidana ƙayau. Har tsokanar ka nake yi a ƙofar masallaci, ina tambayar yaushe katangar za ta faɗi. Kai dai sai ka girgiza kai. Ashe duk lokacin da aka yi ruwa Asabe da kwano take kwashe na gidanta, ta kasa yi mini magana don kunya. Ni kuma na ɗauka tunda idona bai ga ruwa ba, babu shi.

Bana marka ta yi kwana uku ba ta ɗauke ba. Ranar Lahadin nan ka shiga gidan Asabe ba wanda ya kira ka, ka tarar ruwa ya kai idon sawu. Ka ƙwanƙwasa katangar, ka ji simintin ya rabu da ƙasar da ke bayansa. Ka fitar da Asabe da surukarta mai jego daga ɗakin da ke jingine da katangar, sannan ka ɗauki diga ka durƙusa a bakin rariyar. Ina zaune a ɗakina na ji bugu uku. Na tashi da niyyar in fito in yi faɗa. Kafin in kai ƙofa na ji rugugin.

Da hannuna na taya tono ka, Baba. Ƙasar cikin katangar ta zama kamar kunu.

A wurin zaman makoki ina ji ana cewa ruwan bana ne ya yi yawa. Haƙiƙa ajali ba ya wuce lokacinsa, amma katangar nan ta ga daminar da ta fi wannan ta tsaya. Ni na toshe rariyar, bayan an gaya mini. Ina faɗa a rubuce domin na san gidaje aƙalla bakwai a Kusfa da aka yi irin aikina, kuma damina ba ta ƙare ba.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya karɓe ka a cikin shahidai, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, da magina abokan aikinka, da mai ɗakinka Inna Adama. Allah ya ba su haƙuri.

Ranar sadakar uku na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Adama na faɗa mata komai, na roƙi gafara. Can ta ce, "Na yafe nawa, Ɗanjuma. Nasa kuma ba ni da ikon yafe maka, sai kun haɗu."