Sandar Giyar Jar Motar Baba

Babanmu da tattasai ya yi arziki. Lambunansa suna Shetimari, a bakin Komadugu, kuma tun ina ƙarama da ƙamshin busasshen tattasai na san rigunansa. Da ya tsufa, ƴaƴa duk mun girma, sai ya yi abin da ya ba mutanen Diffa mamaki. Ya sayi wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu a hannun wani Bature ma'aikacin agaji da zai koma ƙasarsu. Motar tsere ce, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ba ta ɗaukar buhu, ba ta shiga rairayi. Kujera biyu gare ta, kuma yawanci ni ke zama a ta biyun, don ni ce autarsa, mai sunan mahaifiyarsa. Uwata yake kirana.

A lokacin hannunsa na dama ya fara rawa. In ya ajiye shi a cinya sai ka ga yatsun suna motsi kamar mai jan carbi, amma da ya kama sitiyari sai su natsu. Babban yayanmu, wanda ke kula da manyan motocin da ke kwasar tattasai, ya daɗe yana so Baba ya sakar masa lambuna da sito. Baba ya ƙi. Don haka Yaya ya sa wa hannun nan ido.

Wata safiya muna kan kwalta za mu Shetimari, Baba ya ce, "Uwata, dubi sandar nan."

Ya ɗauke hannunsa daga sandar giya ya mayar kan sitiyari. Sandar tana kaɗawa ita kaɗai, tana ƴar ƙara kamar cokali a cikin kofi. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ta lafa. Ya sake takawa, ta dawo da rawarta. Da idona na gani.

Kuskuren Baba shi ne da ya faɗi maganar a gaban Yaya. Yaya ya yi murmushi ya ce shi da kansa zai raka mu garaji.

Makaniken mutumin Dogonduci ne, Kirista, ya daɗe a Diffa har Barbarci yake ji. Garajinsa rumfar kwano ce da rami a tsakiya, a gefe kuma benci inda direbobi ke zaman shayi. Ranar bencin cike yake. Makaniken ya gaida Baba da ladabi, ya shiga motar ya tayar da ita. Yana aiki yana faɗin abin da yake yi, don haka har yanzu ina tune da shi. Ya bar ta ba giya ya ba ta wuta, sandar ta ɗan motsa. Ya taka kuloci ya saki, bai ga bambanci ba, ya ce to ba kuloci ba ne. Ya tambayi Baba ko sitiyari ma yana rawa. Baba ya ce a'a. Ya ce to a bar zancen taya. Sannan ya fita da ita kan titi shi kaɗai, ya dawo yana kaɗa kai.

"Alhaji, na ji ta," in ji shi. "In ana ba ta wuta take yi, in an saki ta daina. Da kardan ne, dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, da duk ƙasan motar zai riƙa gurnani. Ina zargin robar da akwatin giya ke zaune a kai. Bari in duba."

Fuskar Baba ta washe. Aka tura motar kan rami, makaniken ya sauka da wani dogon ƙarfe. Na ji yana ɗaga wani abu yana saki, ƙarfe na bugun ƙarfe. Sai Yaya ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna a bakin ramin. Ya yi ƙasa da murya, amma ina kusa, na ji shi.

"Motocina duka nan ake kawo su. Akwai wasu garajin a garin nan. Ka fito ka ce ba ka ga komai ba."

Da makaniken ya fito, bai kalli kowa ba. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Alhaji, na duba. Lafiyarta lau."

"Amma yanzu ka ce ka ji ta," in ji Baba.

"Titin ne, akwai gargada."

Yaya ya juya wajen mai shayi ya ce a cika masa kofin gilashi har baki. Ya kawo wa Baba, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baba, riƙe mini wannan. Da dama. Miƙe hannun."

Ban san abin da ya sa Baba ya karɓa ba. Wataƙila ya zaci zai iya. Idon mutane na kansa, hannun ya fi kullum rawa. Shayin ya fara zuba a yatsunsa, da zafinsa, ya gangaro kan farar rigarsa. Bai saki kofin ba, ya dai tsaya yana kallonsa har ya kusa ƙarewa.

"To jama'a," in ji Yaya, "mota ce ke rawa ko mai mota?"

Wani direba ya tuntsire da dariya, sauran suka bi shi. Wani ya ce ai da Alhaji ya kama turmi ma sai ya yi rawa.

Na ce, "Ƙarya ne, Yaya! Na gan ta tana kaɗawa ba hannun kowa a kanta. Kuma na ji abin da ka faɗa a bakin ramin nan."

"Ke da ba ki san birki da totur ba? In ya kashe ɗan wani a hanya, ke za ki je gaban hukuma?"

Baba ya ce, "Uwata, ya isa."

Yaya ya zare makullin ya sa a aljihu. A keke mai ƙafa uku muka koma gida, Baba yana rufe tabon shayin da hannun riga. Muna gab da isa ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, "Da gaske kin ga tana rawa?"

"Wallahi na gani, Baba."

"Ko dai don ki faranta mini ne."

Wannan maganar ta fi dariyar garaji yi mini ciwo. Tun muna hanya ya fara yarda da su.

Labarin kofin shayi ya riga mu zagaya dangi. Da baffanninmu suka zauna kan maganar lambuna, shi aka yi ta maimaitawa, kowa da irin ƙarin da yake yi masa. Aka ce Baba ya huta, Yaya ya karɓi komai. Ba a daɗe ba jar motar ta fito daga garaji, Yaya ne a ciki. Ta ƙofar gidanmu yake bi in zai tafi Shetimari, alhali ba hanyarsa ba ce. Yana zuwa daidai inda Baba ke zaune a kan tabarma sai ya sauya giya, ya danna oda. Baba yakan ɗaga masa hannun hagu.

Bayan damina na haɗu da makaniken a kasuwa, wajen masu kifi. Na kau da kai, ya sha gabana.

"Ƙanwata, robar ce," ya ce. "Ta tsage gida biyu, mai ya jiƙa ta. Washegari da safe yayanki ya sa na sauya ta. Ki faɗa wa Alhaji kunnensa da hannunsa ba su yi masa ƙarya ba."

Na ce me ya hana shi zuwa ya faɗa da bakinsa. Ya ce yana da iyali. Ya ɗauki ledar kifinsa ya wuce.

Na koma gida da sauri har ina tuntuɓe. Na sami Baba a zaure, na durƙusa na zayyana masa komai, kalma bayan kalma. Na zaci zai tashi, ko ya yi fushi, ko ya ce a kira masa baffanninmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya ji mu a kasuwar. Na ce babu.

"To ki bar shi a cikinki," in ji shi. "Yayanki yanzu babban mutum ne a garin nan. Kar in ji kin ɓata masa suna."

Ya ce in shiga in ce a kawo masa fura, kuma a sa masa a kwano mai zurfi.